Daga Itacen Arak Zuwa Buroshi: Tarihin Tsaftar Baki da Amanar da Muka Gada

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya halicci ɗan Adam a kan mafi kyawon tsari, ya jera masa haƙora a baki domin ya tauna abincinsa da su, ya kuma fitar da haruffa daga mafitarsu. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu (SAW), da iyalan gidansa da sahabbansa da duk wanda ya bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.



Dalilin wannan rubutu wani abu ne da ya faru a ajin da nake koyarwa. Muna karatun babin alwala a littafin Ahalari, muka iso wurin da aka ambaci asuwaki cikin mustahabban alwala, sai gardama ta kaure tsakanin ɗalibai. Wani yaro mai ƙwazo ya ce buroshi da man goge baki kayan Turawa ne, duk wanda ya riƙe su ya yi watsi da sunna. Wata ɗaliba ta mayar masa da cewa asuwaki kayan tsofaffi ne, zamani ya riga ya wuce shi. Na raba gardamar da 'yan kalmomi, muka ci gaba da karatu. Bayan kamar makonni biyu yaron nan ya yi kwana uku bai zo ba. Da ya dawo, kumatunsa na dama a kumbure, an cire masa turmi ɗaya a asibiti, yana ɗan shekara 14. Asuwakin yana nan a aljihun rigarsa kamar kullum, ya bushe ƙayau, bakinsa ya yi baƙi don daɗewa ba a yanke shi ba.

Abin ya tsaya mini a rai, kuma laifin farko da na gani nawa ne. Na koya wa yaran nan hukuncin asuwaki, amma ban taɓa koya musu yadda ake yin sa ba, balle abin da ake nufi da shi. Wannan ya sa na koma ga tarihi, don in ga yadda magabatanmu suka fahimci al'amarin. Abin da na tarar shi ne nake son mu duba tare.

Tun kafin zuwan Musulunci

Goge haƙori da itace tsohuwar al'ada ce ta 'yan Adam. Masu tonon kayan tarihi sun samu irin waɗannan 'yan sanduna a kaburburan tsohuwar Masar, waɗanda shekarunsu suka kai kimanin 5000. Mutanen Babila, a ƙasar Iraƙi ta yau, sun san su. Mutanen Indiya sun daɗe suna amfani da reshen darbejiya. Larabawan Jahiliyya kuwa suna da itacen arak, wata bishiya mai jure fari wadda take fitowa a kwarurrukan Hijaz da Yaman da Sudan da sauran busassun ƙasashe, kuma saiwarta ce aka fi so domin taushin zarenta da ɗan yajin da ke cikinta.

Ke nan Musulunci bai ƙirƙiri asuwaki ba. Ya same shi ne a hannun mutane yana al'ada, wanda ya ga dama ya yi, wanda bai ga dama ba ya bari. Sai ya ɗaga shi zuwa matsayin ibada, ya ɗaure shi da lokuta sanannu na dare da rana. Wannan ɗaurewa da lokaci ita ce babbar gudunmawar, domin duk likitan haƙori a yau zai gaya maka cewa wahalar tsaftar baki ba ta samun kayan aiki ba ce kamar yadda take ta dawwama a kan yi.

A gidan Manzon Allah (SAW)

Idan mutum ya tattara ruwayoyin da suka zo a wannan babi, zai ga cikakken tsari na yini guda. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Huzaifa (RA) cewa Annabi (SAW) yakan goge bakinsa da asuwaki idan ya tashi cikin dare. Muslim ya ruwaito cewa an tambayi Nana A'isha (RA) abin da yake fara yi idan ya shigo gida, ta ce asuwaki. Abu Huraira (RA) ya ruwaito cewa tsoron ƙuntata wa al'umma ne kawai ya hana shi umartar su da yin asuwaki ga kowace salla. Abu Musa al-Ash'ari (RA) ya shigo ya same shi yana goge har da harshensa. Ibn Abbas (RA) ya ba da labarin cewa ya sha madara, sai ya kurkure baki, ya bayyana cewa tana da maiƙo. A shekarar yaƙin Khaibara, wato shekara ta 7 bayan Hijira, a wani wuri da ake kira Sahba'u, an ci soyayyen garin hatsi bayan La'asar, da Magariba ta yi sai ya kurkure baki, sahabbai ma suka kurkure, sannan aka yi salla. Ga kuma hanin da aka yi wa wanda ya ci ɗanyar tafarnuwa ko albasa daga kusantar masallaci, don kada ya cutar da mutane da mala'iku.

Dubi wannan jeri da kyau, ya ɗan uwa: bayan barci, bayan cin abinci, kafin salla, kafin haɗuwa da iyali, kafin shiga taro. Akwai haƙƙin Ubangiji a ciki, akwai haƙƙin jiki, akwai haƙƙin matar aure, akwai haƙƙin maƙwabcin sahu.

Sahabbai sun ɗauki abin da muhimmanci. Imamu Ahmad ya ruwaito labarin Abdullahi ɗan Mas'ud (RA) wanda ya hau bishiyar arak don ya yanko asuwaki, iska ta yaye tufafinsa, mutane suka yi dariyar sirantakar ƙwaurinsa, sai Annabi (SAW) ya sanar da su cewa ƙwaurin nan biyu sun fi dutsen Uhudu nauyi a ma'auni. Mafi taɓa zuciya kuwa shi ne abin da Bukhari ya ruwaito na ranar ƙarshe, a watan Rabi'ul Awwal na shekara ta 11 bayan Hijira, daidai da 632 Miladiyya. Manzon Allah (SAW) yana jingine a ƙirjin Nana A'isha, sai ɗan uwanta Abdurrahman ya shigo da ɗanyen asuwaki a hannu. Ta ga yana kallonsa, ta fahimci yana so, ta karɓa ta tattauna shi ya yi laushi, ta miƙa masa, ya goge baki da shi gogewa mai kyau. Ba a jima ba ya koma ga Ubangijinsa. Mutumin da ciwon ajali bai hana shi tsaftace baki ba, yaya al'ummarsa za ta kwana da ragowar tuwo a tsakanin haƙora?

Abin da malaman fiƙihu suka fahimta

Da malamai suka zo rubuta hukunci, jumhurunsu sun tafi a kan cewa asuwaki abin so ne mai ƙarfi, bai kai wajibi ba. Sun yi saɓani a kan mai azumi: Imamu Shafi'i ya karhanta shi bayan rana ta karkata, Imamu Malik da Imamu Abu Hanifa kuwa sun halatta shi dukkan yini, sai dai Malikiyya sun karhanta ɗanye ga mai azumi don tsoron kada wani abu ya wuce maƙogwaro.

Abin da ya fi shafar gardamar ɗalibaina shi ne tambayar nan: da me ake yin asuwaki? A harshen Larabci kalmar siwaku tana nufin itacen, tana kuma nufin aikin gogewar kansa. Ibn Abi Zaid al-Ƙairawani, wanda ya rasu a shekara ta 386 bayan Hijira (996 Miladiyya), marubucin Risala wadda kakanninmu suka karanta a zaure, ya nuna cewa ko da yatsa mutum ya goge, ya kyauta. Imamu Nawawi, wanda ya rasu a 676 bayan Hijira (1277), ya bayyana a mazhabarsu cewa ana samun sunnar da duk wani abu mai kaushi da ke kawar da dauɗa, ko da ƙyalle ne, duk da cewa arak shi ne mafifici. Malamin Dimashƙa Abu Shama al-Maƙdisi, wanda ya rasu a 665 bayan Hijira, littafi guda ya keɓe wa wannan babi.

Ibnul Ƙayyim, wanda ya rasu a 751 bayan Hijira (1350), ya ƙara da gargaɗi guda biyu a cikin Zadul Ma'ad. Na farko, kada a yanki asuwaki daga bishiyar da ba a sani ba, domin tana iya zama mai dafi. Na biyu, a tsaya a tsaka-tsaki, domin wuce gona da iri yana iya cinye sheƙin haƙori. Likitocin yau suna faɗar magana ta biyun nan kusan da lafazinta ga masu dirzar haƙora da ƙarfin tsiya har dasashi ya janye.

Daga Bagadaza zuwa Ƙurɗuba

Musulmin ƙarnonin farko ba su ce tun da muna da asuwaki mun wadatu da kowane ilimi ba. A Bagadaza ta zamanin Abbasiyawa, Hunainu ɗan Ishaƙ, likita Kirista kuma jagoran masu fassara littattafan Girkawa, wanda ya rasu a 873, ya rubuta risala ta musamman a kan kiyaye haƙora da gyaransu, Musulmi suka karɓa suka amfana. Abubakar ar-Razi, wanda ya rasu wajejen 925, ya yi bayanin magungunan ciwon haƙori da yadda ake cike kogonsa da haɗin ƙaro da alif. Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, ya ware sashe na haƙora da dasashi a littafinsa al-Ƙanun. Har adabi abin ya shiga: al-Washsha'u, wanda ya rayu a ƙarni na 10, ya buɗe babi a littafinsa al-Muwashsha a kan matsayin asuwaki wurin 'yan gayun Bagadaza. A birnin da ya fi kowane birni wayewa a wancan lokaci, riƙe asuwaki alamar wayewa ce. Wannan ita ce amsar ɗalibata.

A yammacin daular kuma, a Andalus, aka samu Abul Ƙasim az-Zahrawi, likitan Ƙurɗuba, wanda ya rasu wajejen 1013. Littafinsa at-Tasrif kashi 30 ne, na ƙarshe a kan fiɗa. A ciki ya yi bayanin dattin nan da ke daskarewa a gindin haƙora ya zama kamar dutse, wanda asuwaki ba ya iya cire shi idan ya riga ya kafu, ya ce yana ɓata dasashi har ya kawo mugunya. Ya zana siffofin ƙarafunan da ake kankare shi da su, kowane da lanƙwasarsa gwargwadon gefen haƙorin da zai shiga. Ya yi gargaɗin kada a yi gaggawar cire haƙori sai an rasa dabara, domin abu ne mai daraja da ba shi da mamaye, kuma ya ja kunne cewa ciwo yakan yaudari mara lafiya ya nuna lafiyayyen haƙori a cire. Ya koyar da ɗaure haƙora masu girgiɗi da zaren zinariya ko azurfa, ya fifita zinariya domin azurfa tana sauya launi ta lalace. Malaman hadisi sun riga sun share masa fage, domin Tirmizi ya kawo labarin sahabi Arfaja ɗan As'ad, wanda aka yanke masa hanci a wani yaƙin Jahiliyya, ya sa na azurfa ya yi wari, Annabi (SAW) ya umarce shi ya sa na zinariya, kuma daga nan aka ɗauki halaccin ɗaure haƙori da zinariya don lalura. A ƙarni na 12 Gerard na Cremona ya fassara sashen fiɗar zuwa Latin a birnin Ɗulaiɗila, likitocin Turai suka yi ɗaruruwan shekaru suna karantar sa. Wankin haƙori da ake yi yau a asibiti jikan aikin az-Zahrawi ne. Wannan kuma ita ce amsar ɗalibina.

Labarin tsutsar haƙori

Amma mene ne yake huda haƙori? Dubban shekaru mutane suna cewa tsutsa ce. An samu wannan zance a allunan yumɓu na mutanen Babila, kuma ya yaɗu a Turai da Asiya da Afirka. 'Yan damfara suka mayar da shi sana'a. A ƙarni na 13 wani mutumin Dimashƙa mai suna al-Jaubari ya rubuta littafi don tona asirin mayaudara iri-iri, ya bayyana yadda wasu ke ɓoye 'yar tsutsa a cikin kayan aikinsu, su yi kamar sun zaro ta daga bakin mai ciwo. Yau fiye da shekara 700 ke nan, amma har yanzu a kasuwanninmu da tashoshin mota ana ganin masu turara hayaƙi a baki su nuna wa mutum tsutsa a cikin ruwa, ya biya kuɗi ya tafi da ciwonsa.

Gaskiyar lamari ta fara bayyana a 1683, lokacin da wani mutumin Holan mai suna Leeuwenhoek ya kankaro farin dattin haƙoransa ya duba a madubin ƙara girma da ya ƙera da hannunsa, ya ga wasu ƙananan halittu suna motsi a ciki. A 1728 Bafaranshe Pierre Fauchard ya wallafa littafin da ake ɗauka tushen likitancin haƙori na zamani, ya yi watsi da zancen tsutsa, ya ɗora zargi a kan sukari. A 1890 wani Ba'amurke mai aiki a Jamus, Willoughby Miller, ya haɗa zaren: ƙwayoyin cutar da ke zaune a baki suna cin ragowar sukari da sitaci, su fitar da ruwa mai tsami, tsamin nan ya riƙa narkar da ɓawon haƙori a hankali har ya yi kogo. Duk lokacin da zaƙi ya shiga baki, tsamin yakan tashi cikin 'yan mintoci, kuma yakan ɗauki rabin awa zuwa awa guda kafin miyau ya wanke shi. A lokacin barci miyau yana raguwa ƙwarai, shi ya sa dare ya fi kowane lokaci haɗari ga bakin da ba a wanke ba. Wanda ya san wannan zai ƙara ganin hikimar asuwakin tashi daga barci da kurkurar baki bayan abinci.

Abin da ya sauya shi ne sukari

Tambayar da matasa suke yawan yi mini ita ce: kakanninmu da itace kawai suka yi amfani, yaya suka tsufa da haƙoransu? Amsar tana cikin tarihin sukari. Musulmi ne suka yaɗa noman rake daga Farisa zuwa Masar da Sisiliya da Andalus, amma sukari ya daɗe yana kaya mai tsada, na fada da na masu haɗa magani. A Ingila, wani matafiyi Bajamushe mai suna Paul Hentzner ya ga Sarauniya Elizabeth ta ɗaya a 1598, ya rubuta cewa haƙoranta baƙaƙe ne, ya danganta hakan ga yawan shan sukarin Ingilishi. A lokacin ruɓewar haƙori ciwon masu hali ne. Da aka buɗe gonakin rake a tsibiran Karebiya, waɗanda bayin da aka kwaso daga Afirka suka noma da jininsu, sukari ya yi araha, ciwon ya sauko gidan talaka.

An tabbatar da alaƙar ta hanyoyi masu ban tausayi. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, da sukari ya yi ƙaranci a ƙasashe irin su Norway da Japan, ruɓewar haƙoran yara ta ragu, da aka gama yaƙi ta dawo. A asibitin masu larurar ƙwaƙwalwa na Vipeholm a ƙasar Suwidin, tsakanin 1945 da 1953, an riƙa ba marasa lafiya alawa mai danƙo da gangan don a ga abin da zai faru, aikin da duniya ta la'anta daga baya domin zalunci ne ga raunana. Abin da aka gano shi ne yawan maimaita cin zaƙi tsakanin abinci da abinci, da irin zaƙin da ke manne wa haƙori, su ne suka fi ɓarna.

Buroshi mai gashi asalinsa daga Sin ne, inda ake dasa gashin dabba a jikin ƙashi ko gora. William Addis ya fara ƙera shi da yawa a Ingila wajejen 1780, kuma sai a 1938 aka fara yin sa da zaren roba na nailan, abin da ya kawar da damuwar gashin alade da Musulmi ke ƙyama. Sinadarin fuloraid kuwa labarinsa ya fara a 1901, da wani likita Frederick McKay ya lura mutanen Colorado Springs a Amurka suna da haƙora masu tabo amma ba sa ruɓewa. A 1931 aka gano cewa fuloraid ɗin ruwan shansu ne sanadi. A 1945 birnin Grand Rapids ya fara sa ɗan ƙanƙanin adadinsa a ruwan famfo, a shekarun 1950 kuma ya shiga man goge baki. Aikinsa shi ne ƙarfafa ɓawon haƙori ya jure tsami. Shi ma sai an tsaya a tsaka-tsaki, domin a garin Tibiri na jihar Maraɗi, a ƙarshen ƙarnin da ya gabata, ruwan burtsatse mai fuloraid fiye da kima ya ɓata haƙora da ƙasusuwan yara masu yawa.

A ƙasar Hausa

Kalmarmu ta asuwaki daga Larabci ta zo, tare da littattafan fiƙihu. Bahaushe ya yi asuwaki da arak idan ya samu, ya yi da marke da shuwaka da fasa-ƙwari, daga baya da darbejiya wadda aka shigo da ita daga Indiya a zamanin mulkin mallaka. An goge haƙori da gawayi da gishiri, an yi sakace bayan cin nama, mata sun ci goro da fure don ado, alhazai sun dawo da haƙorin Makka. Zaƙi kuwa akwai shi, zuma da rake da dabino da mazarƙwaila da alkaki da nakiya, amma na lokaci-lokaci ne, na biki da salla. Yaron yau yana karya kumallo da shayi mai cokali uku na sukari, ya sha alawa a hanyar makaranta, ya ci biskit a lokacin tara, ya kora da lemon kwalba da yamma, ya kwanta a haka. Bakinsa ba ya fita daga tsami tun safe har dare. Ba irin bakin kakansa ba ne, don haka abin da ya ishi kakansa ba lalle ya ishe shi ba.

Kada kuma a ɗauka abin ya tsaya ga giɓi da warin baki. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 ya ƙiyasta cewa kusan mutum biliyan 3.5 ke fama da cututtukan baki. Akwai wata muguwar cuta da likitoci ke kira noma, wadda take farawa da kumburin dasashi ga yaro mai tamowa, yawanci ɗan shekara 2 zuwa 6, cikin 'yan kwanaki ta cinye kumatu da leɓe, kuma mafi yawan waɗanda ba a yi wa magani ba suna mutuwa. A Sakkwato akwai asibiti na musamman dominta tun 1999, kuma a Disambar 2023, bisa buƙatar da Nijeriya ta jagoranta, Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci. Idan aka gan ta da wuri, tsaftar baki da abinci mai gina jiki da maganin kashe ƙwayoyin cuta suna tsayar da ita. Duba bakin ƙaramin yaro yana iya zama ceton rai.

Abin da ya rage gare mu

Binciken zamani ya tabbatar da cewa arak yana ɗauke da sinadarai masu kashe ƙwayoyin cuta, kuma idan an iya amfani da shi yana cire datti kamar buroshi. Amma fuloraid ɗin da ke cikinsa kaɗan ne, kuma yana da wuyar kaiwa bayan turame da cikin haƙora. Hanyar magabata ita ce a haɗa duka. Ka wanke baki da buroshi mai laushi da man goge baki mai fuloraid sau biyu a yini, minti biyu kowane lokaci, na kafin barci ya fi muhimmanci, ka tofar da kumfar ba tare da ka bi da ruwa mai yawa ba. Ka riƙe asuwakinka ga kowace alwala da salla, ka wanke shi, ka yanke bakinsa a kai a kai, ka bi kowane haƙori ciki da waje a hankali. Ka sauya buroshi bayan kamar wata uku. Ka tattara zaƙinka wuri guda tare da abinci, ka kurkure baki a bayansa. Ƙannenka da 'ya'yanka a fara goge musu tun fitowar haƙorin farko, wajejen wata 6, da man da bai wuce ƙwayar shinkafa ba, daga shekara 3 kuma kamar ƙwayar wake, kuma a sani turmin da ke fitowa a shekara 6 na dindindin ne, ba ya cikin na famfara. Idan dasashi yana jini, ko haƙori yana amsa sanyi, a je asibiti tun kafin kumatu ya kumbura, a guji ɗiga ruwan batir ko fetur a kogon haƙori, domin ƙone nama kawai suke yi. Rigakafi ya fi magani.

Malamanmu na tajwidi sun ƙirga haƙora cikin mafitar haruffa. Ta da dal da ɗa suna dogara da tushen haƙoran gaba na sama, fa tana fita tsakanin leɓen ƙasa da gefensu, haraffin daad mai wuya kuwa yana bin gefen harshe da turame. Bakin da muke sakaci da shi da shi muke karanta Alƙur'ani. Ɗalibin nan nawa ya warke, kuma yanzu duk ranar da muka zo babin alwala nakan shigo aji da asuwaki da buroshi, in nuna wa yara yadda ake riƙe kowane. Turminsa dai ba zai dawo ba. Ina roƙon 'yan uwana malamai su ma su gwada wannan a azuzuwansu, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskuren da ke ciki kuwa daga gare ni ne, ina neman gafararsa. Allah ya tsarkake bakunanmu daga dauɗa da ƙarya da gulma, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya sa mu cika da kalmar shahada. Wallahu a'alam.